Darasi na 7: Ajiye irin alayyafo

Alayyafo ba ya ɓata wa mai lambu lokaci. Ka yafa iri yau, bayan mako uku zuwa huɗu ka fara cira kana kaiwa kasuwa. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ba ma tunanin iri sai an gama cinye lambun. A nan ne ake yin kuskure.

Abin da aka saba shi ne a yanke masu kyau a sayar, a bar ragowar da suka yi saurin fitar da kai, a ce su ne na iri. To, ɗa yana gadon uwarsa. Alayyafon da ya yi fure da wuri, jikokinsa ma za su yi fure da wuri, ganyensu ƙanana, tun ba ka more su ba sun tsufa. Na ga lambun da aka yi shekara uku ana haka, har matan unguwa suka daina sayen ganyensa.

Tun lambun yana kore shar, ka zagaya ka zaɓi tushe goma ko fiye masu faɗin ganye, masu kauri, waɗanda tsutsa ba ta ci ba, kuma ba su yi gaggawar fure ba. Ɗaura musu tsumma don kada yara su yanke. Ka tumɓuke rukuɓu da alayyafon daji mai ƙaya da ke kusa, domin iska ce ke ɗaukar garin furen, kuma suna iya gaurayuwa da naka.

Ta yaya za ka san iri ya nuna? Kama kan, ka murza shi a tafin hannunka. In ƙwayoyi baƙaƙe masu sheƙi sun zubo, lokaci ya yi. Kada ka jira ya bushe ƙarau a tsaye, tsuntsaye da iska za su riga ka. Yanke kawunan da safe, ka shanya su a inuwa kan buhu ko tabarma na wasu kwanaki. Sai ka murje, ka tankaɗe da rariya, ka sheƙe a faifai a hankali. Ƙwayar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, giram ɗaya yakan ƙunshi fiye da 1,000, iska mai ƙarfi sai ta tafi da rabin wahalarka.

Zuba shi a busasshiyar kwalba mai murfi, ka ajiye inda ba zafi ba laima. Rubuta sunan iri da watan da ka ajiye a jikin kwalbar, ga amfanin karatun da muke yi.

Alayyafo yana da 'yan uwa da masana suka haɗa su gida ɗaya, kamar bitirut mai jan tushe da ake nomawa a Jos, da kinuwa, hatsin mutanen Peru da Boliviya. Shi bitirut sai ya sha sanyi mai tsawo kafin ya yi fure, don haka a ƙasa mai zafi irinsa saye ake yi.

Aikin gida: ƙirga ƙwaya 20 daga irinka, ka sa a jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar ka ƙirga nawa suka tsiro, ka rubuta adadin a littafinka, ka zo da shi aji.