Juya bayan kwalbar kafin ka miƙa kuɗi

Kwanakin baya kawuna ya shigo kemis ɗina a Unguwar Rogo da kwalbar maganin gargajiya a leda, ya sayo ta a tashar Bauchi Road wajen masu lasifika a kan mota. An jera a jikinta: suga, hawan jini, basir, sanyi, taifot, ƙarfin maza. Ashe kwana tara ke nan da ya ajiye ƙwayar da likita ya ɗora shi a kai. Na ce, "Kawu, me ya kai ka?" Ya ce, "Kai yaro, ba ga lambar NAFDAC nan ba?"

To, daga lambar nan za mu fara, don a nan ake cin mutane. Maganin gargajiya da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta sa a jerinta yakan zo da lamba mai farawa da A7, ta ƙare da harafin L. Ma'anarta an gwada shi, an ga bai ɗauke da abin da zai cutar da mai sha. Ba a ce yana warkar da komai ba. Shi ya sa dole mai shi ya buga wani layi da Turanci cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da ke jiki ba. Nemi layin nan, galibi can ƙasa yake da rubutu kamar ƙafar kiyashi. A kwalbar Kawu babu shi sam.

Sai ka karanta jerin cututtukan. Dokar abinci da magunguna ta ƙasar nan ta hana a tallata wa jama'a wani abu a matsayin maganin cututtuka irin su ciwon daji (kansa), suga da hawan jini. Duk kwalbar da ta yi wannan alkawari ta riga ta taka doka, ko da lamba ko babu. Ni dai idan ciwo ya wuce uku a takarda ɗaya, mayar wa mai ita nake yi.

Lamba ma ana satarta. Idan maganin bature ne, shiga shafin Greenbook na hukumar a wayarka, ka rubuta lambar, ka ga ko sunan da ya fito shi ne na hannunka. Magungunan maleriya da yawa kuma suna da wurin kankarewa irin na katin waya, ka tura lambobin ta tes a ba ka amsa.

Kar ka raina lambar rukuni (batch number, wadda ke nuna zubin da aka haɗa maganin a ciki), da ranar lalacewa, da cikakken adireshin kamfani. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙorin yara na My Pikin ya kashe yara fiye da 80, kuma irin wannan bayani ake bi a janye magani daga kasuwa.

In ka kama na banza, kar ka zubar. Ɗauki hotonsa gaba da baya, ka kai kwalbar ofishin NAFDAC na nan Jos, ka faɗi wuri da rana. Suna da ikon kwashe kaya, su rufe shago, su kai mutum kotu. In daga mota aka sayar, rubuta lambar motar, don masu lasifika yau suna Taminus, gobe Farin Gada, jibi sun kama hanyar Bukur.

Kawu kam na auna sugansa a take, na sa shi a keke muka nufi asibiti.