Yadda za ka rubuta labarin direban tirela mai kisan ɗauki ɗai-ɗai ba tare da ka zama kakakinsa ba

In ka ɗauko labarin mai kisan ɗauki ɗai-ɗai wanda sana'arsa tuƙin tirela, tun kafin ka zauna kallon bidiyoyin YouTube ka fara buɗe taswira, ko Google Maps ɗin wayarka ma ya isa. Dalili kuwa irin waɗannan mutanen hanya ce ke rufa musu asiri, a Amurka kusan kowace gunduma da nata 'yan sandan, sai mutum ya ɗauki mace a wannan jiha ya kashe ta a waccan ya je ya yar da gawar a ta uku, waɗanda suka tsinci gawar ba su san ko wace ce ba, waɗanda ke cigiyarta kuma suna can nesa ba su ma ji an tsinci kowa ba. A 2004 wata mai nazarin laifuka a hukumar bincike ta jihar Oklahoma ta lura ana ta tsintar gawarwakin mata a gefen babban titin I-40, daga nan FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayyar Amurka, ta buɗe shiri na musamman kan kashe-kashen manyan hanyoyi, zuwa 2009 sun tara sunayen mamata fiye da 500 da waɗanda ake zargi wajen 200, yawancinsu direbobin dogon zango. To in su da kayan aikinsu sai da taswira suka fara ganin kan abin, kai ma kar ka yi gaggawa.

Bari mu yi aikin da misali ɗaya don kar maganar ta tsaya a iska. Keith Hunter Jesperson, haifaffen Chilliwack a Kanada a 1955, direban dogon zango a Amurka, wanda jaridu suka laƙaba wa Happy Face Killer saboda zanen fuska mai murmushi da yake sawa a wasiƙunsa. Mata 8 aka tabbatar ya kashe tsakanin 1990 da 1995. Ka sa alama a taswirarka ɗaya bayan ɗaya: Portland a jihar Oregon, Janairun 1990. Sai kusa da Blythe a Kalifoniya, Agustan 1992, sai Turlock ita ma a Kalifoniya, sai Salem a Oregon duk a shekarar, sai gefen titin 152 kusa da Gilroy a Kalifoniya a 1993, sai can Fulorida a 1994, sai Nebraska farkon 1995, sai Washougal a jihar Washinton a Maris ɗin 1995. Kana gamawa za ka ga abu biyu da ido, na farko nisan, daga Portland zuwa inda aka tsinci gawar Fulorida wajen kilomita 4,000 ne a mota, kuma don Allah ka riƙa juya mil zuwa kilomita don mai karatunka da shi ya saba. Na biyu giɓin da ke tsakanin kisan farko da na biyu, sama da shekara biyu da rabi. Wannan giɓin shi ne inda marubuta ke zamewa, sai ka ga an cike shi da "wataƙila a lokacin ya kashe wasu da dama", a'a malam, ka bar shi a buɗe yadda yake. Sannan taswirar za ta hana ka wata ƙaryar mai daɗin baki, wato cewa duk a cikin tirela ya yi ta'asarsa, alhali Taunja Bennett ta farkon a mashaya ya haɗu da ita a Portland kuma a gidan da yake zaune ya kashe ta, babu mota a zancen.

Bayan taswira sai ka raba takardarka gida uku, abin da kotu ta tabbatar, abin da 'yan sanda ko jarida suka ce, da abin da shi mai laifin ya faɗa da bakinsa. Duk jimlar da za ka rubuta ka san daga wane gida ta fito kuma ka bari mai karatu ya sani. Amma fa har gidan farkon ma kar ka rufe ido ka haɗiye, labarin nan kansa ya isa ya koya maka.

Da aka tsinci gawar Taunja Bennett, 'yar shekara 23, a gefen hanya a kwazazzabon kogin Columbia, wata dattijuwa mai suna Laverne Pavlinac ta kira 'yan sanda ta ce saurayinta John Sosnovske ne ya yi kisan. Matar nan so take ta rabu da shi don ta gaji da zaman wahalar da suke yi, ta bi labarin a jarida ta haddace, da ta ga maganarta ba ta kama shi sosai ba sai ta ƙara gishiri har ta ce ai da ita aka yi. A 1991 aka ɗaure su su biyun, ita duk da ta janye maganarta a gaban kotu, shi kuma tsoron hukuncin kisa ya sa bai tsaya jayayya da tuhumar ba. A daidai lokacin nan ainihin mai kisan ya rubuta a bangon bayan gida na wata tashar bas a Livingston ta jihar Montana cewa shi ya kashe ta, har da zanen murmushin, amma hakan bai hana a tura mutum biyu gidan yari ba. A 1994 ya aika wasiƙa ga jaridar The Oregonian, ɗan jarida Phil Stanford ya bi diddigin abin. Sai bayan an kama Jesperson a ƙarshen Maris 1995 kan kisan budurwarsa Julie Winningham, ya kwatanta inda ya jefar da jakar Taunja aka je aka samo katin shaidarta a cikin daji, sannan a Nuwamban 1995 aka saki waɗancan biyun. Ka lura da abin da ya warware maganar, abu ne da aka ɗauko da hannu a wurin da mai kisan kaɗai zai iya sani, don furuci kam kowa ya yi, har wadda ba ta aikata komai ba. Duk lokacin da ka ci karo da "ya amsa laifinsa" ka tambayi kanka, me aka samu a ƙasa da ya gaskata shi?

Gida na uku shi ya fi haɗari don shi ya fi armashi. Jesperson mutum ne mai son a ji shi, ya rubuta wasiƙu ya yi hirarraki, ya taɓa iƙirarin ya kashe fiye da mutum 100 daga baya ya janye da yawa, labari ɗaya ma yakan ba da shi iri-iri. In ka kwashi maganarsa ka zuba kamar ruwayar mai gaskiya to ka gama yi masa aiki kyauta, irin aikin da ya nema tun ranar da ya ɗauki biro a bayan gidan tasha. Ni a ganina ka taƙaita ambato shi kai tsaye, in dole ne ka sa "in ji shi" a jiki, sannan ka biyo da abin da aka tabbatar. Kuma ka tuna a yawancin kashe-kashen nan mutum biyu ne kawai a wurin, ɗaya ta mutu, saboda haka duk wani "ta zage shi ne ya fusata" daga bakin wanda ya kashe ta ya fito. Hirar da ba ka da shaidarta kar ka ƙirƙira, in kana son su "ya kalle ta ya ce" to ka rubuta ƙagaggen labari ka canza sunaye, babu laifi, amma kar ka kira shi na gaske.

Wajen neman bayani, jaridun garin da abin ya faru na lokacin da ya faru sun fi komai amfani, sai hukunce-hukuncen kotunan ɗaukaka ƙara waɗanda da yawa suna intanet kyauta kuma alƙalai kan jero abin da ya faru tiryan-tiryan, sai sanarwar ofisoshin 'yan sandan gundumomi. Wikipedia ka shiga ta don ka gangara ƙasa ka ga inda suka samo, ba don ka kwafa ba. Shafuka goma da suka kwafi juna majiya ɗaya ce fa, ka duba ko kuskuren rubutu iri ɗaya ne a cikinsu za ka gane.

Sai sanin sana'ar kanta, nan ne ake gane wanda ya yi aiki. Ka nemi direban babbar mota ka zauna da shi ko awa ɗaya, ya faɗa maka yadda ake jiran lodi, yadda barci ke kama mutum a kan sitiyari, yadda wata zai wuce bai kwana gida ba. Wuraren da tireloli ke yada zango a Amurka ka ɗauke su kamar Tafa ko Mararrabar Jos da dare, mai da abinci da wurin wanka da baƙin fuskoki masu wucewa waɗanda gobe babu mai tuna su. Bambancin da ya shafi labarinka shi ne direban can galibi shi kaɗai ne babu yaron mota, kuma bayan kujerarsa akwai ɗan ɗaki mai gado. Masu bincike da rasit ɗin shan mai da takardun lodi da bayanan wuraren auna nauyin mota suke gano inda direba yake a rana kaza, littafin awannin tuƙi kuwa a shekarun 1990 da hannu ake cike shi, mai son ƙarya zai yi, sai a ƙarshen 2017 dokar sa na'urar lantarki mai lissafa awannin tuƙi ta fara aiki a kan yawancinsu. Sannan ka yi adalci, direbobin manyan motoci a Amurka miliyoyi ne, jimla ɗaya ta isa ka nuna wa mai karatu cewa ba sana'ar ake tuhuma ba.

Kar kuma ka ɗauka duk direba mai kisa labarinsa na dogon titi ne. Peter Sutcliffe na Ingila direban babbar mota ne a Bradford, ya kashe mata 13 daga 1975 zuwa 1980, amma yawanci a garuruwan da ke kusa da gidansa, kuma 'yan sanda sun yi masa tambayoyi sau 9 suna sakinsa, wani ɓangare saboda sun gaskata kaset ɗin bogi da wani ya aiko musu yana cewa shi ne makashin. Abin da za ka ɗauka daga can shi ne harshe. A lokacin an riƙa raba matan gida biyu, wai masu mutunci da waɗanda ba su ba, har sai a 2020 rundunar 'yan sandan West Yorkshire ta fito ta ba iyalansu haƙuri kan kalaman. Mu ma alƙalaminmu na da saurin yanke hukunci, kalma ɗaya irin "'yar bariki" ta isa ta sa mai karatu ya ce ai ita ta ja wa kanta. In sana'ar mace ta shafi yadda ta haɗu da shi ka faɗa sau ɗaya a sarari ka wuce, ka ba ta sunanta da shekarunta da garinsu, in an san tana da 'ya'ya ka ce tana da su ba sai ka kama sunayensu ba.

Batun jini da ta'asa, ka faɗi yadda aka yi kisan a jimla ɗaya, "ya shaƙe ta" ya wadatar. Akwai abin da Jesperson ya yi wa gawar Angela Subrize, wadda aka tsinta a Nebraska, da motarsa don kar a gane ta, wasu kan ɓata shafi guda a kai, kai layi ɗaya ya ishe ka. Hoton gawa kuwa kar ma ka fara, kuma in kashi-kashi kake sakin labarin kar ka yanke shi a daidai lokacin da ake kashe mutum don a jira na gobe.

Hukunci ka bayyana shi daidai, Jesperson ɗaurin rai da rai aka yi masa fiye da ɗaya a jihohi daban-daban, ba hukuncin kisa ba, yana babban kurkukun jihar Oregon a Salem. Kafin ka danna turawa ka sake bincika kowane suna a labaran baya-bayan nan don irin waɗannan shari'o'in ba su gama motsi ba, matar da aka tsinta kusa da Gilroy a 1993 sai a 2022 gwajin DNA da bin dangi ya nuna Patricia Skiple ce, ta Fulorida kuma sai a 2023 aka gano Suzanne Kjellenberg ce, tsofaffin rubuce-rubuce duk "wata mata da ba a sani ba" suke cewa. Ka sa kwanan watan da ka yi rubutun a ƙasa, in wani sabon abu ya fito ka koma ka gyara ka rubuta cewa ka gyara.