Yadda Mace Za Ta Gane Cutar Warin Gaba Kuma Ta Magance Ta

A cikin farjin kowace mace mai lafiya akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ake kira Lactobacillus, waɗanda ke samar da wani tsami da ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Idan suka yi ƙaranci, sai wasu ƙwayoyin irin su Gardnerella su mamaye wurin, abin da likitoci ke kira bacterial vaginosis, ko BV a taƙaice. Mu kan cusa wannan da wasu cututtuka daban a ƙarƙashin suna ɗaya, wato ciwon sanyi, shi ya sa ake yawan shan maganin da bai dace ba. Ba a ɗaukar BV daga masai, duk da yawan faɗin haka da ake yi.

Da farko mace ta lura da ruwan da ke fita. Na BV tsinkakke ne, fari ko mai ruwan toka, yana da ƙarni irin na kifi wanda ke ƙaruwa bayan saduwa ko lokacin al'ada, kuma galibi ba ya zuwa da ƙaiƙayi mai tsanani. Idan kuwa ruwan yana da kauri da gudaji kamar kindirmo, ga ƙaiƙayi amma babu wari, to ya fi kama da cutar yis, wadda maganinta daban ne. Saboda wannan ne ya kamata a je asibiti a ɗebi ruwan a gwada, maimakon tura yaro kemis da saƙon "a ba da maganin sanyi".

Maganin da aka fi bayarwa shi ne metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, sau biyu a rana har kwana 7, ko kuma man clindamycin da ake sakawa da dare. Flagyl kan bar ɗanɗanon ƙarfe a baki, wani lokaci da tashin zuciya, kuma warin kan ɗauke cikin kwana biyu ko uku, amma wajibi ne a shanye maganin duka. Mai juna biyu ta sanar da ungozoma a wurin awo, domin cutar na da alaƙa da haihuwar bakwaini.

Inda aka fi samun matsala shi ne tsaftar da ta wuce kima. Wanke cikin farji da sabulu ko Dettol, da cusa miski ko matsin da ake tallatawa a gidajen biki, duk suna kashe ƙwayoyin da ke tsaron wurin, sai mace ta ƙara wanki don korar warin, shi kuma ya ƙara ƙarfi. Tsarki da ruwa zalla daga waje ya wadatar, ana wankewa daga gaba zuwa baya, sannan a tsane jiki kafin a sa kamfai na auduga.

Cutar kan dawo wa mata da yawa cikin shekara guda. Wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a 2025, ya nuna cewa idan aka yi wa miji magani tare da matarsa dawowar na raguwa ƙwarai, don haka wadda abin ke maimaita mata ta nemi maigida ya raka ta wurin likita.