Zubin Harsashin Darma na Bindigar Toka

Darma tsantsa nake nema, wadda farce ke iya karta. Ta tsohon batirin mota kuwa ba na kusantarta, hayaƙinta guba ne.

A fili nake aiki, iska na bayana. Tukunyar ƙarfe ce, ba ta sanholo ba, kuma ba ta sake komawa kicin. Darma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius. Da ta narke sai na jefa kakin zuma kamar ƙwayar gyaɗa, na juya da ludayin ƙarfe, na kwashe dattin da ya taso har fuskarta ta yi ƙyalli kamar madubi.

Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne mazubi, wato abin da ake zuba narkakkiyar darma a ciki ta ɗauki siffar harsashi. In yana da sanyi, harsashi zai fito da tamoji, don haka nake ɗora shi a bakin tukunya ya yi zafi tukuna. Zuba a tashi ɗaya har ta ɗan tudu a baki, jira ta daskare, yanke wutsiyar, wato rarar darmar da ta daskare a bakin, ka saki harsashin kan busasshen tsumma. Goman farko yawanci tukunya nake mayar da su. Wanda ya fi saura rashin nauyi, rami ne a cikinsa.

Ruwa fa! Ludayi mai laima ya taɓa watso mini darma a hannu, tabon na nan. Komai ya bushe, ka sa tabarau da safar fata.

Kada yaro ya zo wurin. Gubar darma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, shi ya sa nake wanke hannu da sabulu, na sauya riga kafin na shiga gida.