Yadda Ake Zaɓo Abin Karantawa A Intanet

Daga Aboabo har Asawase a nan Kumasi, kukan matasa ɗaya ne: waya cike da rubuce-rubucen da aka turo ta WhatsApp, amma ko ɗaya ba a karanta har ƙarshe ba. Laifin na tarawa ne, don haka da ragewa za a fara.

Ka ware wa kowane fanni shafi ɗaya ko biyu, kada ka wuce. A tattalin arziki ka riƙe Hukumar Ƙididdiga ta Ghana, mai fitar da alƙaluman hauhawar farashi duk wata, da sanarwar Babban Banki kan kuɗin ruwa. A kimiyya The Conversation Africa ya ishe ka. Malaman jami'a ne ke rubutu, kuma kyauta ne. Wanda Turanci ke yi wa nauyi ya fara da sashen Hausa na BBC ko DW, ya san kan zancen tukuna.

Mataki na biyu shi ne inda kusan kowa ke tuntuɓe. Kafin ka karanta layin farko, nemo kwanan wata da sunan marubuci. Rubutun da ba shi da su, rufe shi. Na ga an tayar da hankalin 'yan kasuwa a Kejetia da labarin cewa hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Adadin gaskiya ne, amma na Disambar 2022 ne, tun kafin Asusun Lamuni na Duniya ya amince da ba Ghana rancen dala biliyan 3 a Mayun 2023. Mutum ya karanta shi a matsayin labarin yau, ya ruga sayen dala ko ya ƙara wa kayansa kuɗi. Haka ma tsofaffin rubuce-rubuce: a Yulin 2007 aka mai da tsohon sidi 10,000 sabon sidi ɗaya, to miliyoyin da za ka gani a rubutun da ya riga wannan lokacin irin lissafin dattawanmu ne, wanda har yau suke yi a bakin shago. Idan an kawo adadi, bi shi har wurin hukumar da ta fitar. Hoton da aka ɗauko daga fuskar waya ba hujja ba ne, komai girman wanda ya turo.

Batun data kuwa, bidiyo ke cinye ta. Buɗe shafin a Chrome inda ka sami wifi, danna alamar saukewa, ka karanta a trotro (motar haya) ba tare da kashe kwabo ba.

A zane da al'adu, fara da na gida, kuma a shafukan gidajen tarihi za ka nema, kada ka dogara da Facebook. El Anatsui, da ke ɗinke murafen kwalabe su zama kamar zani, a nan Kumasi ya yi karatu, kuma Tate Modern ta Landan ta baje aikinsa a 2023. Ibrahim Mahama, mai fasahar zane da ke aiki da buhunan koko, shi ma ɗan KNUST ne, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. Ka nemi abin da masana suka rubuta kan waƙoƙin Alhaji Umaru na Karaci (Kete Krachi ta nan Ghana), wanda ya rasu a 1934.

In za ka tura wa 'yan bes ɗinku, wato abokan zamanku, guda ɗaya a mako, wanda ka gama karantawa, da layi biyu na Hausa kan abin da ke ciki da shekarar da aka rubuta shi.