Yadda za ka bi wasan besbol da ya tashi 1-0

Wasan besbol da maki ya yi ƙaranci a cikinsa ya fi kowane daɗin kallo, amma sai ka san inda za ka sa ido. In allon maki kaɗai kake dubawa, sifili za ka yi ta gani a jere har barci ya ɗauke ka.

Fara da zaɓen lokaci. Gasar ƙwararru ta Amurka, MLB, tana gudana daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kowace ƙungiya da wasa 162. A waɗannan watanni Damagaram tana gaban New York da awa 5, wasan ƙarfe 7 na yammarsu sha biyun darenmu ne. Nemi na ranar Lahadi da suke bugawa da rana, yakan zo mana gab da magariba.

Kowane ɓangare ƴan wasa 9 ne, zagaye 9 ake yi, a kowane zagaye kowace ƙungiya tana bugu, wato mai jifan abokan hamayya yana jefo ƙwallo ɗan wasanta yana kai mata sanda, har a fitar mata da mutum 3. Maki ɗaya shi ne ɗan wasa ya bi tasha uku ya dawo gida, wato inda ya yi bugu, tsakanin tasha da tasha kuma mita 27 da ƴan kai.

A kusurwar allo akwai lambobi biyu, kamar 3-1. Ta farko jifan da ya kauce wa saitin mai bugu, in ya kai 4 mai bugu ya tafi tasha ta ɗaya kyauta. Ta biyu jifan da ya shiga saiti ko wanda mai bugu ya kai wa sanda bai samu ba, in ya kai 3 ya fita. A 3-1 mai jifa ne cikin matsi, dole ya kawo ƙwallo inda za a iya bugunta. A 0-2 kuwa zai jefa ta ƙasa ko gefe, yana jan mai bugu ya bi iska.

Sai ka ƙirga mutum nawa aka fitar, ka duba wa ke tsaye a wace tasha. Nan wasan yake. Mutum a tasha ta uku ba a fitar da biyu ba, ko an cafke ƙwallo a sama a can nesa an fitar da mai bugu, shi zai iya rugawa gida bayan cafkewar. Shi ya sa za ka ga mai bugu ya tare ƙwallo da sanda a hankali, ya yarda a fitar da shi don abokinsa ya matsa gaba. Masu tsaro su kuma fatansu ƙwallo ta gangaro ƙasa su fitar da biyu a lokaci guda.

Ka lura da yawan jifa. In mai jifan farko ya doshi 100, hannu ya fara gajiya, masu bugu kuma sun gan shi sau biyu ko uku sun gane salonsa. Koci da ya yi jinkirin canji a nan yakan rasa wasa.

Don gwada duk wannan, nemi bidiyon wasa na 7 na ƙarshen gasar 1991, Minnesota Twins da Atlanta Braves. A zagaye na 8 Lonnie Smith na Atlanta ya ɗan yi turus kusa da tasha ta biyu, ya tsaya a ta uku maimakon ya isa gida, daga baya aka fitar musu da biyu a tare. Jack Morris na Minnesota ya yi jifa zagaye 10 cur ba a ci shi ba. A na 10 Dan Gladden na Minnesota ya kai tasha ta biyu, Chuck Knoblauch ya sadaukar da kansa ya tura shi ta uku, Atlanta ta ba mutum biyu tasha da gangan tana neman fitar da biyu a tare, ta kuma jawo masu tsaron nesa kusa. Gene Larkin ya ɗaga ƙwallo ta bisa kansu, Gladden ya isa gida, Minnesota ta ci, aka tashi 1-0.

A wasannin MLB na Maris zuwa Satumba na yanzu, tun 2020, in an wuce zagaye 9 kunnen doki ana fara kowane zagaye da mutum a tasha ta biyu, saboda haka kada ka tashi haɗa shayi a lokacin.