Yadda ake ƙirƙirar kacici-kacici mai amsa-amo, da yadda ake warware shi

Yaran yanzu in ka ce musu "baba na ɗaka gemu na waje" kafin ka rufe baki sun ce hayaƙi, haka "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" kowa ya san tsintsiya ce. Tsofaffin sun zama hadda, ba wanda yake tunani kafin ya amsa. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu riƙa ƙirƙiro sababbi da abubuwan da muke gani kullum a ƙauyukanmu, ko a dandali da farin wata ko a guruf ɗin WhatsApp na 'yan gari, kuma ba wuya wallahi in ka bi a hankali.

Da farko dai daga amsa ake farawa. Zaɓi abin da duk wanda ke wurin ya sani, ya taɓa, ya gani da idonsa. Kar ka je ka ɗauko jirgin ruwa ka kawo wa yaron da bai taɓa wuce kasuwar Maigatari ba, wannan zalunci ne. Rumbu, garma, amalanke, turmi, injin markaɗe, jarka, duk suna nan. Bari mu ɗauki fanfon tuƙa-tuƙa.

Na biyu ka je ka tsaya ka kalle shi sosai. Nan ne aikin yake, kuma nan mutane ke gaggawa. Me yake da shi? Hannu ɗaya ne dogo na ƙarfe, duk ya yi sulɓi saboda kamu, kowa ya zo sai ya kama ya yi sama ya yi ƙasa da shi, ruwa ya zubo ta baki, wani lokaci ma yana ƙara ƙiii ƙiii in ya daɗe ba a sa masa mai ba, ga layin jarkoki da bokitai tun asuba. To yanzu sai ka mayar da shi mutum. Kama hannun ya zama gaisuwa, ruwan ya zama hawaye. Abin da ba za ka taɓa ambata ba shi ne ruwa ko jarka, da ka faɗe su ka gama tona kanka.

Sai amsa-amo, wato ƙarshen layukan su faɗa a kan sauti ɗaya. Magabata ma sun san daɗinsa, ka duba "ƙulin ƙulifita" da amsarsa "gauta", duk da ta suka ƙare. Mafi sauƙi ga mai koyo shi ne wa, don aikatau da yawa suna ƙarewa da shi, kamawa, zubowa, tafasawa. Ga nawa:

Hannunsa guda, kowa na kamawa,
kana gaishe shi hawaye na zubowa,
yara da manya ba sa tausayawa.

Layi biyu ko uku sun isa. Ka faɗa da ƙarfi kunnenka ya ji, in wani layi ya fi 'yan'uwansa tsawo har numfashi na yankewa, rage shi. Kuma don Allah kar ka cusa kalmar da ba gaskiya ba ce kawai don sauti ya dace, duk abin da ka faɗa dole ya zama akwai shi a jikin amsar, in ba haka ba ranar da aka ji amsa musu ne zai tashi, kuma su ne da gaskiya.

Yanzu satar amsa, ita ce ma ta fi damuna don yawanci ba a iya ba da ita ba. Wani zai ƙi ba da komai har yara su gaji su watse, wani kuma tashin farko ya ce "ai ana ɗibar ruwa a wurinsa", shi ke nan ya kashe wasan. Tanadi guda uku tun kafin ka jefa tambayar, daga nesa zuwa kusa. Ta farko ta raba musu hanya kawai: ba shi da rai. Ka bari su yi ta cece-kuce tukuna. Ta biyu ta nuna wuri ko lokaci: da sassafe da yamma ya fi samun baƙi. Ta uku ce za ta kai su bakin ƙofa: 'yan garuwa abokansa ne. In ƙananan yara ne a wurin za ka iya ba su harafin farko, manya kuwa a'a.

In duk sun kasa, sai su ba ka gari. "Mun ba ka Ringim", ka ce bai ishe ka ba a ƙaro, su ce Haɗeja ko Kano, sannan ka faɗi amsa ka kuma warware musu layi-layi yadda kowanne ya hau.

In kai aka jefa wa kuwa, kar ka yi saurin buɗe baki. Gwada wannan:

Ba ta da baki, ta iya surutu,
ba ta je makaranta ba, ta iya rubutu,
in ba ta sha wuta ba sai ta tafi hutu.

Fara da jinsi, an ce "ta", to sunan abin mace ne, rabin kayan gida sun fita kenan. Sai ka nemi layin da ya fi zama baƙo, nan shan wuta ne, me ke shan wuta ya rayu maimakon ya ƙone? Wani zai ce rediyo, to rediyo na surutu amma ba ta rubutu, ta faɗi a layi na biyu. Duk amsar da ta zo maka sai ka bi da ita ta kowane layi, in ta tsallake duka ukun sannan ka faɗa. Wadda ta tsallake a nan ita ce wadda ake kai wa mai caji a bakin kasuwa a jona ta da sola, wato waya.